BABI NA UKU: TSUKEWAR SIMINTI DA SINADARAN KUMBURA A RIJIYOYIN MAN FETUR

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake haƙa rijiyar man fetur, da yadda ake jera bututun ƙarfe a cikinta, wanda ma'aikatan haƙa suke kira kesin. An kuma nuna cewa bayan an zura wannan bututu akwai ratar da ke saura tsakaninsa da bangon rijiya, wadda ta kewaye shi kamar zobe tun daga ƙasa har sama, kuma ita ce ake cikewa da kunun siminti. Wannan babi zai dubi wata matsala da ke tattare da simintin kansa, wato tsukewar da yake yi yayin da yake kamawa, sa'annan a dubi sinadaran da ake zuba masa domin ya kumbura, da irin halin da suke nunawa idan suka shiga zafi da matsin da ke can ƙarƙashin ƙasa.

Dalilin da ya sa aka ware wa al'amarin babi guda shi ne, babban aikin siminti a rijiyar mai bai tsaya ga riƙe bututu ba. Aikinsa na farko shi ne raba tsakanin shimfiɗun ƙasa, ta yadda iskar gas da ke mita 3,000 ba za ta sami hanyar hawowa ta shiga ruwan sha da ke mita 200 ba, kuma ruwan gishiri ba zai gangara ya gauraya da mai ba. Tun a shekarar 1903, lokacin da aka zuba siminti a wata rijiya a filin mai na Lomfok da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, manufar ke nan, wato a toshe ruwan da ke kwararowa cikin rijiya. Idan kuwa siminti ya tsuke ya bar kafa, ko da ba ta wuce kaurin silin gashi ba, to wannan manufa ta sami tangarɗa.

3.1 Ma'anar Tsukewa da Ire-Irenta

Siminti ba bushewa yake yi ba kamar yadda yumɓu ke bushewa a rana. Haɗuwa yake yi da ruwa, su rikiɗa su zama wasu sababbin abubuwa masu tauri, shi ya sa yake kamawa ko a tsakiyar kogi. To, abin lura a nan shi ne, waɗannan sababbin abubuwa ba su kai girman siminti da ruwan da suka haife su ba idan aka haɗa su wuri ɗaya, domin kuwa ruwan da ya shiga jikinsu ya fi matsuwa a kan yadda yake a sake. Masanin nan na ƙasar Faransa, Le Chatelier, shi ya fara bayyana wannan a wajejen shekarar 1900, daga baya kuma Powers na Amurka ya auna shi a 1935. Wannan ita ake kira tsukewar sinadari, kuma babu wani simintin Fotland da ya kuɓuta daga gare ta.

Ana iya ganin girman al'amarin ta hanyar ɗan lissafi. Simintin da aka fi amfani da shi a rijiyoyin mai shi ne wanda Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wato API, ta sanya wa suna ajin G, kuma ƙa'idar kwaɓa shi ita ce a zuba ruwa giram 44 ga kowane giram 100 na siminti. Giram 100 na siminti yana cin wurin da ya kai mililita 32, ruwan kuma mililita 44, jimla mililita 76 ke nan. Idan wannan siminti ya gama haɗuwa da ruwa kakaf, kimanin mililita 6 ne za su ɓace, wato kusan kashi 8 cikin 100. Da yake siminti ba ya gama wannan aiki a kwanakin farko, abin da aka fi samu a gwaji shi ne kashi 4 zuwa 6 cikin 100. Ke nan, idan aka tura kunun siminti lita 30,000 cikin rijiya, wurin da zai ɓace zai kai lita 1,500, fiye da cikin duro bakwai na lita 200.

Tambayar da za ta biyo baya ita ce, ina wannan wuri yake tafiya? A nan ne ya zama dole a bambance tsukewar sinadari da tsukewar jiki. Muddin siminti yana ruwa-ruwa, duk abin da ya ɓace a ciki zai bayyana a waje, wato kunun zai sauka ƙasa kamar yadda kunun gero ke sauka a kwano idan ya kwana. Amma da zarar ƙwayoyinsa sun sarƙe da juna sun yi ƙashi, sai jikin ya daina bin tsukewar, abin da ya ɓace kuma ya koma ƙananan ramuka a cikinsa. Saboda haka tsukewar jiki, wadda ita ce ake iya aunawa daga waje, wani ɗan yanki ne kawai na tsukewar sinadari. Yawanta kuma ya danganta da abu ɗaya fiye da komai, wato ko simintin yana samun ruwa daga waje ko ba ya samu. Idan yana jingine da dutsen yashi mai ɗauke da ruwa, zai riƙa zuƙo ruwan yana cike ramukan, har ta kai tsukewar jikin ba ta taka kara ta karya ba. Idan kuwa yana tsakanin bututu biyu na ƙarfe, ko yana fuskantar dutsen laka ko na gishiri wanda ruwa ba ya ratsawa, to ruwan cikinsa kawai zai sha, matsin da ke cikin ramukan ya faɗi, nauyin da ke kewaye ya matse shi. Wannan ne ya sa siminti iri ɗaya, kwaɓi ɗaya, a rijiya ɗaya, yake iya yin kyau a wani zurfi ya kuma gaza a wani.

3.2 Faɗuwar Matsi Yayin Kamawa

Kafin a shiga batun kafar da tsukewa ke bari, akwai wani haɗari da ke riga ta zuwa. A nan za a yi amfani da ma'aunin matsi da ake kira ba, wanda ɗaya daga cikinsa ya yi kusan daidai da nauyin iskar sarari a bakin teku. Tayar ƙaramar mota takan ɗauki ba 2 da ɗan ɗoriya.

Kunun simintin ajin G ya fi ruwa nauyi kusan sau 1.9. Idan aka ƙaddara cewa an cika ratar rijiya da shi tun daga mita 3,000 har sama, matsin da zai yi a gindin rijiyar zai kai ba 560. A ƙaddara kuma akwai shimfiɗar gas a wannan zurfi mai matsin ba 400. Muddin kunun yana ruwa-ruwa, nauyinsa ya danne gas ɗin, babu abin da zai motsa. To amma bayan an tsayar da famfo, kunun yakan fara kauri ya riƙa manne wa bututu da bangon rijiya, wato ya fara rataye kansa da kansa maimakon ya sauke nauyinsa a ƙasa. A daidai wannan lokaci kuma tsukewar sinadari da tsiyayewar ruwa cikin dutse suna rage abin da ke ciki. Sakamakon haka sai matsin ya riƙa sauka har ya kusanci na ruwa zalla, wato wajen ba 300, wani lokaci ma ya yi ƙasa da haka. Ke nan gas mai ba 400 ya fi ƙarfin abin da ke danne shi, alhali simintin bai yi taurin da zai tare shi ba.

Cooke da abokan aikinsa sun tabbatar da aukuwar wannan a shekarar 1983, inda suka ɗaura na'urorin auna matsi a bayan bututu a rijiyoyi na gaske, suka ga yadda matsin ke faɗuwa cikin 'yan sa'o'i bayan an gama tura siminti. Wannan tsakanin, daga lokacin da kunu ya fara rataye kansa zuwa lokacin da ya yi kaurin da gas ba zai iya ratsa shi ba, shi ake kira lokacin sauyi, kuma burin masu haɗa siminti shi ne su gajarta shi iyakar iyawa. An kawo wannan bayani ne domin sau da yawa akan cakuɗa shi da matsalar da sinadaran kumbura ke magancewa. Yawancin sinadaran kumbura ba sa fara aiki sai siminti ya kama, saboda haka gas ɗin da ya riga ya huda hanya a lokacin sauyi ya riga su.

3.3 Siririyar Kafa

Bayan siminti ya kama, abin tsoro shi ne ya rabu da abin da yake manne da shi. Rabuwar tana iya aukuwa ta waje, tsakanin siminti da dutse, ko ta ciki, tsakaninsa da bututu. Tsukewar jiki ta fi haddasa ta waje, domin zoben da ya tsuke ƙara rungumar abin da ke tsakiyarsa yake yi, ya janye jikinsa daga abin da ke kewaye da shi.

Ita kuwa ta ciki, galibi bututun ne ke jawo ta. Ƙarfe yana buɗewa idan aka matsa masa daga ciki, yana kuma komawa idan aka sassauta. Alal misali, bututu mai faɗin inci 9 da biyar bisa takwas, wanda kaurin bangonsa ya kai milimita 12, idan aka rage matsin da ke cikinsa da ba 200, bangonsa zai ja baya da kimanin milimita 0.1. Irin wannan ragi kuwa abu ne na yau da kullum, domin siminti yakan kama ne alhali bututun yana cike da taɓon haƙa mai nauyi, daga baya a musanya taɓon da ruwa marar nauyi. Haka nan sanyaya rijiya ta hanyar tura ruwa cikinta yana sa ƙarfe ya tsuke fiye da siminti.

Mai karatu zai iya raina milimita 0.1, tun da bai fi kaurin takardar rubutu ba. Sai dai yawan abin da ke wucewa ta siririyar kafa yana ƙaruwa ne da ninki uku na faɗinta, wato idan faɗin ya ninka sau biyu, abin da ke wucewa zai ninka sau takwas, idan ya ninka sau goma, sau dubu ke nan. Kuma gas ba ya bukatar ƙofa mai faɗi. Wata ƙididdiga da aka buga a 2003 game da rijiyoyin Tekun Meziko ta nuna cewa daga cikin rijiyoyi kusan 15,500, kashi 43 cikin 100 suna da matsin da ke taruwa a bayan bututu, wanda ko an sauke shi sai ya dawo. Ba duka ne laifin siminti ba, domin akwai waɗanda yoyon bututun ciki ne sanadinsu, amma siminti yana da kaso mai yawa a ciki.

3.4 Sinadaran Kumbura

Dabarar da aka ɓullo da ita ita ce a sa wa siminti wani abu da zai sa jikinsa ya ɗan ƙaru bayan ya kama, ta yadda zai danni bututu da dutse ya rufe duk wata kafa. Wajibi ne a fahimci cewa waɗannan sinadarai ba sa hana tsukewar sinadari. Abin da suke yi shi ne su tsiro da wasu ƙwayoyi masu kama da ƙanƙara a cikin jikin simintin, waɗanda ke tura ƙashinsa waje.

Tsarin da ya fi daɗewa shi ne na etirinjait, wani sinadari mai siffar allurai wanda ke samuwa idan jibsam ya haɗu da ɓangaren alminiyam na siminti da ruwa mai yawa. Magina ne suka fara amfani da shi, musamman bayan aikin Alexander Klein na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, wanda daga gare shi aka sami simintin da ake kira nau'in K a shekarun 1960. A rijiyar mai kuwa akan haɗa simintin ajin A da jibsam, tun da ajin G mai jure sinadarin salfet an rage masa ɓangaren alminiyam ɗin da gangan. Aibin wannan tsari shi ne rashin jure zafi, domin idan zafi ya haura wajen digiri 76 a ma'aunin Salshiyos, etirinjait ba ya tsayawa. Da yake zafin ƙasa yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, yawancin rijiyoyi sukan kai wannan iyaka a wajejen mita 2,000. Akwai kuma simintin da ake kwaɓawa da gishiri mai yawa, wanda shi ma yakan ɗan kumbura, amma kumburinsa kaɗan ne, kuma gishirin yana dagula aikin sauran sinadaran da ke cikin kwaɓin.

3.4.1 Farar Ƙasa da Magnisiya

Waɗanda aka fi dogara da su a rijiyoyi masu zurfi su ne gasasshiyar farar ƙasa da gasasshiyar magnisiya. Idan farar ƙasa ta sha ruwa, girman ƙwayarta yakan kusa ninkawa biyu, ita kuwa magnisiya takan zarce ninki biyu, domin abin da ke cin wurin mililita 11.2 yakan koma 24.6. Wani abin mamaki shi ne, ruwan da ta sha kafin ta kai haka mililita 18 ne, saboda haka idan aka haɗa 11.2 da 18 za a sami 29.2, wanda ya fi 24.6. Wato ita kanta magnisiyar tsukewa take yi ta fuskar sinadari, kumburin da ake gani kuwa ya samo asali ne daga yadda sabuwar ƙwayar ke girma a wurin da ya yi mata kaɗan, kamar yadda saiwar bishiya ke ɗaga daɓe.

Magina sun daɗe da sanin wannan hali na magnisiya, amma a matsayin cuta suka san shi. Shi ya sa ƙa'idar yin siminti ta hana magnisiyar da ke cikinsa ta wuce kashi 6 cikin 100, domin wadda ta gasu a tanderun siminti mai zafin digiri 1,450 takan yi shekaru kafin ta sha ruwa, sa'annan ta kumbura ta tsaga ginin da ya daɗe da kamawa. Injiniyoyin ƙasar Sin ne suka yi fice wajen mayar da cutar magani a ginin madatsun ruwa, bayan sun lura cewa madatsar Baishan, wadda aka gina da siminti mai yawan magnisiya, ba ta yi tsagewar da aka saba gani ba.

Sirrin al'amarin yana ga zafin da aka gasa ta da shi. Wadda aka gasa a digiri 700 zuwa 1,000 tana da saurin shan ruwa. Wadda aka kai digiri 1,000 zuwa 1,500 ta fi ta jinkiri, wadda kuma ta haura 1,500 sai zafi mai tsanani ke tayar da ita. Muhimmancin wannan shi ne, kumburi yana da lokacinsa. Idan magnisiya ta sha ruwa tun siminti yana kunu, to ta yi aikin banza, domin babu ƙashin da za ta tura, kunun zai gusa ya ba ta wuri kawai. Idan kuma ta yi jinkiri har siminti ya yi tauri ƙwarai, ko dai taurin ya danne ta, ko ita ta tsaga shi. Abin da ake so shi ne ta fara aiki bayan kamawa kaɗan, lokacin da simintin ke da ƙashi amma yana da sauran laushi. Saboda haka rijiya mai zafi tana bukatar wadda ta gasu sosai, mai sanyi kuma tana bukatar marar gashi sosai ko farar ƙasa, kuma akan gauraya biyun domin a sami kumburin farko da na baya. Magnisiyar da ta yi abin kirki a rijiya mai digiri 140 tana iya kwanciya kamar yashi a mai digiri 50.

3.4.2 Masu Fitar da Iska

Akwai wani rukuni da ke aiki ta wata hanya dabam, wato garin alminiyam, wanda ke fitar da iskar haidurojin idan ya shiga kunun siminti. A doron ƙasa wannan yakan sa kwaɓi ya tashi kamar ƙullin da aka sa wa yis, kuma da shi ake yin bulo marar nauyi. A gindin rijiya kuwa labari ya sha bamban, domin iska matsuwa take yi gwargwadon nauyin da ke kanta. Iskar da ta cika lita guda a sama, idan ta shiga matsin ba 560, ba za ta cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ke nan kumburin da aka gani a ɗakin gwaji ba zai bi siminti zuwa ƙasa ba. Amfanin wannan rukuni na gaskiya yana ga lokacin sauyi, inda ƙananan kumfan ke buɗewa yayin da matsi ke faɗuwa, su rage saurin faɗuwar. Sanya shi cikin jerin sinadaran kumbura, kamar yadda akan yi, yana iya ruɗar da ɗalibi. Har wa yau haidurojin iska ce mai saurin kama wuta, saboda haka aiki da ita a bakin rijiya yana bukatar hattara.

3.5 Matsalar Gwaji

Ƙa'idar da aka fi bi wajen auna tsukewa da kumburin simintin rijiya ita ce API RP 10B-5, wadda ta yi daidai da bugun 2004 na ISO 10426-5. Ta ƙunshi gwajin zobe, inda ake zuba kunu tsakanin zobba biyu na ƙarfe, na wajen a tsage yake kuma yana da ƙusoshi biyu a bakin tsagar, sai a auna tazarar ƙusoshin kafin kamawa da bayanta. Akwai kuma gwajin jaka, inda ake ɗure kunun a jakar da ruwa ba ya ratsawa, a rataye ta cikin ruwa ana auna nauyinta. Na farko yana kwaikwayon simintin da ke samun ruwa daga waje, na biyu kuma wanda ba ya samu, kuma ba abin mamaki ba ne kwaɓi ɗaya ya kumbura a zobe ya tsuke a jaka.

Sai dai sunan ƙa'idar kansa ya bayyana iyakarta, domin ya faɗi ƙarara cewa gwajin na matsin iskar sarari ne. A rijiya kuwa matsi yana ƙara saurin haɗuwar siminti da ruwa, wato yana gusar da lokacin kamawa, wanda a kansa aka daidaita gashin magnisiya. Bugu da ƙari, zoben gwaji yana buɗewa cikin sauƙi, alhali dutse ba ya buɗewa haka. Simintin da aka tsare ta ko'ina ba zai nuna kumburin da ya nuna a zobe ba, sai dai kumburin ya rikiɗa ya zama danni a kan bututu da dutse, sauran ƙwayoyin kuma su girma cikin ramukan jikinsa su ƙara toshe shi. Wannan danni shi ne ainihin abin da ake nema, domin shi ne ajiyar da za a ci idan bututu ya ja baya. Saboda haka adadin da ya kamata a tambaya shi ne yawan dannin da siminti zai yi a zafi da matsi da taurin dutsen wannan rijiya, kuma gwajin zobe ba ya bayar da shi. Ɗakunan gwaji da dama sun ƙera na'urorinsu masu yin awon cikin matsi, amma da yake kowa da irin tasa, kwatanta sakamakonsu yana da wuya.

3.6 Inda Kumburi Ke Zama Illa

An ambata a baya cewa zoben da ya tsuke rungumar tsakiyarsa yake yi. Akasin haka ma gaskiya ne, wato zoben da ya kumbura ba tare da an tare shi ta waje ba, ramin tsakiyarsa faɗi yake ƙarawa. Makanikai sun san wannan, shi ya sa sukan ɗumama zoben ƙarfe kafin su zura shi a sandar da ta yi masa kauri. Idan aka haƙa rami mai inci 12 da kwata aka sa bututun da aka ambata a sama, kaurin simintin da ke tsakani zai zama milimita 33, tazarar da ke tsakanin tsakiyar bututu da bayansa kuma milimita 122. A ƙaddara simintin ya kumbura da rabin kashi 1 cikin 100. Idan dutsen da ke kewaye mai tauri ne, ba shi da inda zai nufa sai ciki, saboda haka zai matse bututu ya rufe kafar milimita 0.1 har da saura. Idan kuwa babu abin da ya tare shi ta waje, zai janye daga bututu da kimanin milimita 0.6, wato ninki shida na kafar da aka so rufewa, wadda bisa lissafin da ya gabata za ta wuce da abin da ya ninka fiye da sau 200.

Babu dutsen da laushinsa ya kai na sarari, amma lissafin ya nuna inda haɗarin yake. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce, simintin kumbura yana amfani ne idan dutsen ya fi simintin tauri. Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin shimfiɗun da ake ratsawa a yankin Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956, yashi ne da laka waɗanda yawancinsu ba su gama sandarewa ba. Shimfiɗar Binin da ke sama, wadda ita ce ke ɗauke da ruwan sha na yankin, yashi ce mai laushi ƙwarai. A irin wannan wuri, zuba sinadarin kumbura don kawai ya yi aiki a wata ƙasa mai duwatsu masu tauri ganganci ne. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara auna taurin dutsen, idan ta kama a rage taurin simintin kansa ta hanyar gauraya shi da ƙwayoyin roba ko makamantansu.

Inda babu jayayya a kan amfanin simintin kumbura shi ne wurin toshe rijiyar da aka gama cin moriyarta. A nan ana zuba simintin ne a cikin bututu kamar murfin kwalba, babu dutse a gefensa, babu kuma ruwan da zai zuƙo daga waje, saboda haka tsukewa janye shi take yi daga bango ta kowane ɓangare, kumburi kuwa danna shi yake yi a kan ƙarfe mai tauri. Ƙa'idar ƙasar Nowe mai suna NORSOK D-010 ta sanya rashin tsukewa cikin sharuɗɗan abin da za a toshe rijiya da shi, ta kuma bukaci toshiyar ta dawwama har abada, sharaɗin da simintin Fotland zalla ba ya iya cikawa ba tare da taimako ba.

Hanyar da ake gane ko siririyar kafa ce ke damun rijiya ita ce a zura na'urar sauti a cikin bututu, wadda ke buga ƙara tana sauraron amon ƙarfen. Bututun da siminti ya riƙe gam amonsa mutuwa yake yi, wanda ke sake kuwa yana amo kamar ƙararrawa. Idan aka ji amo, sai a ƙara wa bututun matsi daga sama a sake awon. Idan amon ya mutu, to siririyar kafa ce, tun da buɗewar ƙarfen ta rufe ta. Idan kuwa bai mutu ba, alama ce cewa akwai taɓon haƙa da aka bari a bayan bututu ko kuma babu siminti a wurin sam, kuma wannan rami ne mai faɗin santimita, wanda kumburin rabin kashi 1 cikin 100 ba zai taɓa cikewa ba.